Yadda Na Je Kwatano Sayo Wa Inna Kunne

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A rumfata ta kasuwar Gummi a tambaye ni, a majalisa bayan La'asar a tambaye ni, har wani dattijo da ya zo a tura masa karatu a waya sai da ya rage murya ya ce wai da gaske ne an cire mini hula a gaban mace. To, da gaske ne. Kuma tunda taubashina Alhaji Mani ya riga ya baza nasa labarin daga Anka har Bukkuyum, da gishirinsa da yajinsa, gara in ba da nawa da bakina ko na tsira da ɗan guntun mutuncin da ya rage.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba. Sana'ata tura waƙoƙi da wa'azi a memori, ina kuma sayar da caja da iyafis. Garba Kunne ake ce mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na raɗa wa kaina. Na daɗe ina cika baki cewa daga Gummi har Gusau babu mai kunnena, wai in na ji lasifika sau ɗaya zan faɗi ƙasar da aka ƙera ta. Ba wanda ya taɓa ƙaryata ni, don ba wanda ya damu ya bincika.

Inna ce dalilin tafiyar. Tun lokacin rububin zinariya, da aka kafa injinan niƙan dutse a bayan katangarta a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, jinta ya fara raguwa, tsufa kuma ya zo ya ƙarasa aikin. Na dawo da ita wurina Gummi. Autarta Hajara tana aure a Jidda, shekara bakwai ba su ga juna ba. Duk mako sai Hajara ta turo saƙon murya a wayata. Inna ta kara a wannan kunne, ta kara a wancan, ta miƙo mini. Sai in saurara, in durƙusa in maimaita mata da ƙarfi, har maƙwabta sun fi mu sanin halin da Hajara take ciki. Mun je asibiti a Sakkwato an ba ta ɗan abin ji, ya dinga yi mata fito, ta ce kaska ce, ta jefa shi ƙasan kwalla. Iyafis kuwa ta ce ba mai cusa mata ƙwaro a kunne. Manyan hedifon da nake sayarwa, da an ƙure su sai su kama ƙara, magana ta ɓace.

Wata rana na gama isar da saƙo, sai ta dube ni ta ce, "Garba, maganatta ka ka ba ni. Ni muryatta ni ka so. Kada in mutu ban ƙara jin ɗiyata ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na gaya wa Alhaji Mani, wanda sana'arsa ɗauko motoci daga Kwatano, sai ya ce in shirya mu tafi tare, a can ake sauke gwanjon Turai, har abin da ban san an ƙera ba zan samu. Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta: rabin zuciyata Inna ce, ɗaya rabin kuwa ina hango kaina zaune a rumfa da wani ƙaton hedifon a kai, 'yan kasuwa suna wucewa suna waiwaye.

Da sassafe muka bar Gummi, don yanzu ba mai hankalin da zai bi hanyarmu da yamma. Ba mu kai Jega ba na fara aikin da ba a sa ni ba. Direba ya kunna kiɗa, na ji wani abu yana kaɗawa, na gyara zama na ce masa lasifikarsa ta hagu ta baya ta yage, kuma daga jin yadda take kuka 'yar Cana ce. Direba ya dube ni ta madubi ya ce motar ba ta da lasifika a baya tun da ya saye ta. Muna tsayawa shan mai aka gano murfin tukunyar wata baiwar Allah ne a cikin but ɗin motar. Alhaji Mani ya tambayi matar ko tukunyar 'yar Cana ce. Ta ce a Anka ta saya.

A Kamba muka tsallaka zuwa Gaya ta ƙasar Nijar. Jandarmomi suka duba takardunmu da katin rigakafi, komai lafiya, sai da aka buɗe jakata aka ga kwalayen ashana biyu cike da memori. Babbansu ya tambayi abin da ke ciki, kuma da gaskiyarsa, ko ni na ga mutum da irin wannan tari sai na tambaya. Na ce waƙoƙi ne. Ya ce a kunna. Aka kunna na farko, waƙar noma ce ta wajenmu, sai na ga yana kaɗa ƙafa. Kafin a jima an ba ni benci a gindin bishiya, wayoyi sun yi layi a gabana. Na baro rumfa a Gummi, rumfa ta biyo ni iyaka. Awa biyu muka yi a nan, Alhaji Mani yana cewa da ya sani da buhun albasa ya ɗauko, ita ba ta tsayar da mota.

Daga Gaya muka hau gadar kogin Kwara muka faɗa Malanbil, ƙasar Binin. Iyaka biyu a yini ɗaya. Tun daga nan bakina ya mutu, don Faransanci ake yi, ni kuwa ko gaisuwarsu ban iya ba. Burodinsu dogo ne mai tauri, na gatsa ya yanke mini dasashi, Alhaji ya ce ba ci ake yi ba, kora awaki ake yi da shi. A Paraku muka kwana, muka ci sakwara da miyar gyaɗa. Na ga wasu jajayen yanka a cikin miyar na ɗauka tsoka ce, na yi wuf na kwashe manyan na bar wa Alhaji ƙanana. Ashe cukun Fulani ne, wagashi suke ce masa, naman gaske kuwa ƙananan ne. Sai da ya cinye sannan ya gaya mini.

Kwatano gari ne da ba ya tsayawa. Babura sun fi mutane yawa, 'yan kabu-kabu duk da riga ruwan ɗorawa, mata suna tuƙa babur da kwando a baya ba mai ko kallonsu. Zafinsu jiƙaƙƙe ne, ka wanke riga yau, gobe ka same ta yadda ka bar ta. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu: kalma ɗaya, an wuce. Ba ina gajiya, ba ina gida, ba ina ƙoƙari. Mu da sai mun tambayi mutum har lafiyar jakinsa. A unguwar Zango muka sauka, gidan wani dattijo Malam Isuhu, mai masaukin Alhaji, ɗaki ɗaya mu tara da fanka ɗaya mai juyawa in ta ga dama.

Kwana biyu ina yawo a kasuwar gwanjo ban samu abin kirki ba, daga mai kunne ɗaya sai wanda ɓera ya ci. Sai Malam Isuhu ya ce akwai wata tsohuwa, Madam Odil, ta yi shekaru tana aikin ɗaukar murya a wani gidan rediyo a arewacin ƙasar, can ta koyi Hausa. Ta yi ritaya, tana tara irin waɗannan kaya tana gyarawa, takan sayar in ta ga mutumin ya yi mata. Ya ƙara da cewa kada mu je tsakar rana, don mutanen nan da rana ta take sai su rufe ƙofa su kwanta.

Muka je da hantsi. Gajeriyar mace ce, kanta fari fat ba ɗankwali, da tabarau a karan hanci. Ta kai mu wani ɗaki a sama, an lulluɓe bangonsa da darduma, kujera ɗaya tak a tsakiya. Ta fara nuna mini buta da sabulu, na wanke hannu. Sannan ta nuna kaina ta ce, "Hula."

Na ce ai ana iya ɗorawa a kan hula, haka nake yi a gida.

"A gidanka," in ji ta. "Nan, hula ƙasa."

Jama'a, shekara goma ke nan ba wanda ya ga tsakiyar kaina sai wanzami da matata. Na cire. Fitilar ɗakin ta sauka a kan sanƙona, Alhaji Mani ya kare idonsa da hannu ya ce a rage wuta.

Hedifon uku ta fito da su. Na farko ɗan Jamus ne, bayan kunnuwansa raga ce, ana hango cikinsa. Ta sa nata faifan, wata mace ce take waƙa da jita ɗaya. Na rufe ido kamar yadda ta umarta. Wallahi sai na ji ɗakin ya buɗe, matar tana gabana, ina jin buɗewar leɓenta da gogar yatsa a kan tsirkiya. Amma ina jin tarin Alhaji a bayana, shi ma yana jin abin da nake ji, don sautin yana fita ta ragar. Na cire na ce ba laifi, sai dai ba shi da ƙarfi, kuma yana yoyo.

Na biyu ɗan Amurka ne, baƙi, kunnuwansa na katako mai sheƙi, da nauyi kamar an ɗora maka ƙwaryar fura. Yana rufe kunnena duniya ta ɗauke. Da ganga ta buga sai na ji ta a ƙirji, na ji ta a ciki, har haƙorana. Nan take na kamu. Na ce a raina, Garba, ga abin da aka haife ka dominsa.

Na uku tsoho ne toka-toka, fentinsa ya goge, an sake masa soso. Ta ce da irinsa ta yi aiki, shi masu ɗaukar labarai suke sawa. Ba nauyi, murya tana fitowa tsaf a gaban goshi, amma ba bes, ba wannan dundum ɗin mai dukan ƙirji. Ko minti ɗaya ban yi ba na cire na ce wannan tuwo ne ba miya.

Don in nuna mata ni ma ba baƙo ba ne a harkar, na zaro memori na ce a gwada da nawa kiɗan, wanda ya fi kowanne kasuwa a rumfata. Ta sa ɗan Jamus a kanta, ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska ta ɗora mini. Abin da na ji ba kalangu ba ne, tsakuwa ce ake watsawa a kwanon rufi. Ta tambaye ni sau nawa aka matse waƙar. Ba zai ƙirgu ba, don ni nake matse su da hannuna, yadda ƙaramin memori zai ɗauki waƙoƙi da yawa. Na ce a sa a ɗan Amurka. Aka sa, ƙazantar ta ɓuya a ƙarƙashin ganga, kiɗa ya dawo daidai. Na ce, "Kin gani? Wannan ya fi."

Ta ce, "Wannan yana rufa maka asiri ne. Ɗan Jamus ba ya ƙarya, shi ya sa nake son sa. Kai ba sauti kake so ba, duka kake so."

Muka yi ta musu. Na ce kiɗan da bai motsa jiki ba me amfaninsa, mu a wajenmu ganga don a ji ta daga gona zuwa gona aka yi ta. Ta ce haka ne, kowa da kunnen da ya tashi da shi, ita a ɗakin shiru ta tsufa. Aka ba Alhaji Mani ya raba gardama. Ya sa ukun ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ɗan Amurka ya zaɓa, don shi kaɗai ne in ya sa ba ya jin muryata.

Sai Madam ta ce, "To, wa za a saya wa?"

Awa biyu ina ɗakin nan ban ambaci Inna ba ko sau ɗaya. Alhaji ne ya ba ta labari, ni ina kallon ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, ta fita ta dawo da auduga. Ta murza ta cusa mini a kunnuwa biyu, ta danna sosai. Ta karɓi wayata ta haɗa da wani ɗan amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai girman sabulu, ta kunna saƙon Hajara. A ɗan Amurka, bum-bum kawai nake ji, kamar mai magana daga cikin randa. A ɗan Jamus, muryar tana can nesa, siririya. A toka-tokan nan da na raina kuwa, kowace kalma ta iso.

Na ji bambancin sarai. Amma kuɗin da na tanada na guda ɗaya ne, kuma son zuciya ba ya rasa hujja. Na ce ai abin da ya yi wa ɗa daɗi zai yi wa uwa, kuma ɗan Amurka ya fi ƙwari, zai fi daɗewa. Alhaji ya harare ni. Madam ba ta yi musu ba. Ta naɗe mini shi, ta matso kusa da kunnena ta ce da ƙarfi sharaɗinta ɗaya ne: kada in cire audugar sai na isa masauki. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na mayar da hulata na fito da kwali a hammata ina taƙama.

Ko titi ban tsallaka ba wani ɗan kabu-kabu ya kusa kwashe ni, sai ji na yi Alhaji ya fizgo wuyan rigata. Na ga bakin mutumin yana motsi, na san zagi ne, ban san irinsa ba. Muka tsaya wurin wata mai soyayyen kifi kusa da Zango, Malam Isuhu ya same mu a nan. Suka kama hira su biyu. Ina ganin bakunansu, ina jin gunaguni, ba na kama ko kalma. In sun yi dariya in yi, a makare. Alhaji ya juyo ya ce mini wani abu, na gyaɗa kai na ce, "Haka ne." Malam Isuhu ya kusa faɗowa daga benci. Daga baya na ji wai tambayata ya yi ko gaskiya ne jakin gidanmu ya fi ni hankali.

Ni ma na fara dariya, sai na tsaya cak. Wannan "haka ne" ɗin na san shi. Shi Inna take faɗa a tsakar gidana in muna hira, ta bi bakunanmu da ido, ta yi dariya bayan kowa ya gama. Sau nawa na ji haushi na ce mata, Inna ba abin da aka ce ba ke nan. Ni awa ɗaya na yi, kuma hannuna yana iya zare audugar duk lokacin da na so. Ita shekara shida. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta hula nesa ba kusa ba. Na bar kifin nan na tashi.

Madam ta buɗe ƙofa ta gan ni da kwali. Ta zare mini audugar da kanta, ta karɓi ɗan Amurka, ta ba ni toka-tokan da ɗan amfilifayan. Ta ɗiga jan farce a jikin maɓallin ƙara, ta ce kada a wuce nan ko tsohuwa ta roƙa, kuma in mayar da ita wurin likitan kunne, don wannan ba magani ba ne. Na yi godiya. Sannan, don kada ku ɗauka na zama waliyyi, na roƙe ta ta bar ni in sake sa ɗan Amurka sau ɗaya. Ta bari. Na ji ganga ta ƙarshe na cire kamar mai sallama da amarya.

Dawowa a motar da Alhaji ya sayo muka yi, kwana biyu. Muna shigowa Kamba layin wayata ya dawo, sabon saƙon Hajara ya shigo. Na haɗa toka-tokan na saurara, tsakanin Kamba da Gummi sau biyar na ji shi, ina gwada maɓalli. Gaisuwa ce kamar kullum: tana lafiya, maigidanta yana lafiya, ana zafi, a gaida kowa da kowa. Alhaji ya tambaye ni ko da labari, na ce babu.

Bayan Azahar muka iso. Inna tana inuwar ɗakinta tana tsinkar zogale. Ta ga abin a hannuna ta ce, "Wanga kuma mi ne? Linzami za ka sa man?" Da ƙyar matata ta lallashe ta, ta tura mata kallabi baya, na ɗora mata. Na kai maɓalli daidai jan farcen na kunna.

Hannunta ya tsaya a cikin zogalen. Ba ta motsa ba har saƙon ya ƙare. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ce, "Mayar." Na mayar. Wannan karon ta rufe ido ta dafe kunnuwan da hannu biyu. Da ya ƙare ta zame guda ɗaya ta dube ni.

"Garba, sau nawa kaj ji wanga saƙo?"

Na ɗaga mata yatsu biyar.

"Kuma ba ka ji komi ba?"

Na ce gaisuwa ce, Inna.

"Ba ka ji yadda ta ka yanke magana tana jan numfashi ba? Kalma ukku ta tsaya, kalma ukku ta tsaya. Yarinyar ga ciki gare ta, kuma ya tsufa."

Matata ta dafe baki. Shekara goma sha biyu ke nan da auren Hajara ba ta taɓa ko ɓari ba, har mun daina ambaton zancen a gida. Na ce to me ya hana ta faɗa? Inna ta ce wace ɗiya ce za ta buɗe baki ta gaya wa uwarta cikin fari, balle ta bakin yayanta mai shela har maƙwabta su ji.

Ta ce in danna mata wurin magana. Na danna na riƙe mata wayar. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ce, "Auta, ni ce. Yau da kunnena na ji ki. Dut na ji. Ki bar ɗaukar kaya masu nauyi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ba a yi minti goma ba amsa ta shigo. Na mayar mata da hedifon na kunna, ina kallon wayar. Saƙon dogo ne, sai na kara kunnena a jikin nata don in ji. Babu kalma ko ɗaya a ciki, kuka ne kawai Hajara take yi. Na kai hannu zan tsayar, Inna ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bari," in ji ta. "Ina jin ta."